Abin da ya sa nake gwada yaro kafin in saka shi a ajin Turanci

Assalamu alaikum ƴan uwa. Satin da ya wuce wani bawan Allah ya kawo min ɗansa lesin ɗin yamma, yaron yana SS2, na zaunar da shi na gwada shi kamar minti 5 sannan na ce zai fara da rukunin masu haɗa kalma. Uban ya ɓata rai sosai, ya ce Malam yaron da ke shirin WAEC za ka mayar min aji 2 na firamare? Ya ja hannun ɗansa suka tafi. Ban ji haushinsa ba wallahi, don na san inda abin yake masa ciwo, amma tun ranar zuciyata ta kasa sakin maganar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi na zo kan wannan hanyar, ko Allah zai sa wani malami ko wani uba ya amfana.

Ni ɗan ƙauye ne, a gabashin Kano aka haife ni, kuma na gama firamare ban iya karatun Turanci ba. Rubutuna kuwa kyakkyawa ne, duk abin da malam ya rubuta a allo zan kwafe shi tsaf babu harafin da zan bari, amma in ka ce in karanta maka abin da hannuna ya rubuta sai in yi tsuru-tsuru. A tsarin ilimi na ƙasa na wancan lokacin an ce aji 1 zuwa 3 a koyar da yaro da harshensa, daga aji 4 a juya zuwa Turanci, to mu abin da ya same mu shi ne Hausar ba mu iya karanta ta ba balle Turancin, kawai wata rana muka wayi gari littattafan sun koma wani yare. A haka aka riƙa tura mu gaba aji bayan aji, ba wanda aka taɓa maimaita wa.

A JSS2 Allah ya haɗa ni da wani dattijon malami, irin tsofaffin nan masu takardar Grade II, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Wata rana ya ce in tashi in karanta sakin layi ɗaya, na tashi na riƙe littafin ina kallonsa, aji ya yi tsit, sai dariya ta fara tashi daga baya. Bai ce min komai ba ya ce in zauna. Da aka tashi ya kira ni ofis, ya ce ɗana zo nan, ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan littafi na ƴan aji 2 mai hoton akuya da ƙwarya, kuma abin da ba zan manta ba har in mutu, ya riga ya naɗe bangon littafin da takardar siminti ya rubuta JSS2 a kai da jan biro, don kada abokaina su gane abin da nake karantawa. Kullum bayan tashi minti 20 muke yi, shi yana cin gyaɗarsa ni ina haɗa baƙi. Zango biyu muka yi a haka, kafin in shiga JSS3 na fara karanta allon shaguna a bakin titi ina jin kamar an cire min yana daga ido.

Abin da yake damuna har yau shi ne na girma na manta da wannan. Na yi sakandare, na yi NCE a fannin Turanci, aka tura ni wata makarantar sakandare ta gwamnati aka ba ni SS1, yara 87 a aji ɗaya, wasu a benci wasu a ƙasa wasu a kan taga. Aka miƙo min tsarin aikin zango, sati na 1 kaza sati na 2 kaza, na kama bi kamar yadda aka ce. Ina shiga in cika allo da bayanin noun clause da adverbial clause, in juyo in ce kun gane? su amsa da ƙarfi yes sir, in goge in sake cikawa. Har tara muke cin yaro in ya yi Hausa a aji, ni ma na ci, na kuma yi bulala a kan haka, ina neman gafarar Allah da ta yaran nan. Sakamakon da muka samu shi ne aji ya koma shiru, yaron da ba shi da Turancin da zai yi tambaya kuma an hana shi Hausa, me zai ce? Shekara 6 ina haka, duk shekara sakamako ya fito F9 da E8 sun cika takarda, mu zauna a ofis mu ce yaran yanzu ba sa karatu, waya ta lalata su.

Lokacin korona da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 na samu zama da wani abokina da ke koyarwa a firamare a wajen Wudil. Shi ya ba ni labarin wani shiri da aka fara a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa mai suna KaLMA, na ƴan aji 4 zuwa 6, wanda aka gina a kan wata hanya da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da ita, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Ya ce su ba sa duba ajin yaro ko shekarunsa, takarda guda ce ake miƙa masa shi kaɗai, a sama akwai ɗan labari, ƙasa da shi sakin layi, sai kalmomi, sai haruffa, inda ya tsaya nan ne matakinsa, sai a tara masu mataki ɗaya wuri guda na wani ɗan lokaci kullum. Yana magana ni kuwa littafin nan mai bangon takardar siminti nake gani a idona. Na ce masa ai an taɓa yi min wannan, ni aka yi wa.

Da aka koma makaranta na rubuta tawa takardar da hannu, gefe ɗaya Hausa gefe ɗaya Turanci, na ɗauki benci na kai gindin darbejiya nesa da aji don kada wani ya ji karatun wani. Kwana 4 ina kiransu ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani ya hana ni barci. Cikin 87 ɗin nan 11 ne kawai suka karanta labarin Turancin suka kuma faɗa min abin da ya ƙunsa. Wajen 20 suna karantawa da kyau amma in ka tambaye su me aka ce ba su sani ba, kamar mai rera waƙar Indiya. Mafi yawa kalma ɗai-ɗai suke tsinta. Sannan akwai 14 da ko Hausar ba sa iya haɗawa. Waɗannan su ne na shekara ina wa bayanin clause suna ce min yes sir.

Cikin 14 ɗin akwai wani dogon saurayi ɗan shekara 19 da ƴan aji ke kira Alaramma saboda ya haddace Alƙur'ani tun kafin a sa shi boko, shi ke jan sallar azahar a makaranta. Ya zo ya zauna, na miƙa masa takarda, ya duba sama ya duba ƙasa, ya sa yatsa a kan kalmar farko, yatsan yana rawa. Ya daɗe a haka. Sai ya ɗago ya ce a hankali, Malam don Allah ka rufa min asiri. Na ce Alaramma izu nawa ne a kanka? Ya ce 60. Na ce ranar da aka fara kai ka tsangaya, daga Baƙara aka ɗora maka? Ya ce a'a Malam, daga babbaƙu aka fara, sannan farfaru. Na ce to alaramman da ya koyar da kai ya taɓa ba ku allo iri ɗaya kai da wanda ya riga ka shekara 3? Ya yi murmushi ya ce kowa da allonsa ai. Na ce to haka za mu yi. A gaskiya a wannan zaman ne ni kaina na gane cewa abin da aka ce daga Indiya ya zo, makarantar allo ta daɗe tana yinsa a ƙofar gidanmu, yaro ba ya wanke allo sai ya biya daidai, kuma ba wanda ke jin kunya don wani yana Yasin shi yana Sabbi.

Na raba su rukuni 4, ban sa musu lamba ba don kada a ce ga na ɗaya ga na ƙarshe, sunayen ƙofofin Kano na ba su, Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Na'isa da Kabuga. Ba wai yara ba su gane ba, sun gane sarai cikin kwana 2, amma dai sunan ya rage zafi.

Rukunin su Alaramma da Hausa muka fara, kuma nan ne mutane suka fi yi min gardama, wai malamin Turanci yana koyar da ba bi bu be bo. Dalilina shi ne Hausar boko yadda aka rubuta haka ake karantawa, wasula 5 ne, yaro in ya gane cewa k da a da r da e sun ba da kare, ya gane sirrin karatu gaba ɗaya, da kalmar da ya sani kuma. Turanci kuwa haruffa 26 ne amma sautuka sun kai 44, harafin a kaɗai daban yake fita a cat, daban a cake, daban a call. In ka haɗa wa yaro wahalar koyon karatu da wahalar baƙon yare a lokaci guda sai ya faɗi a duka biyun. Sati 5 suka yi suka fara karanta gajeren labarin Hausa, sannan muka tsallaka da sautukan nan 6 da tsarin Jolly Phonics na koyar da karatu ta hanyar sauti ke farawa da su, s a t i p n, muna haɗa sat, pin, tap, nap. Na kuma nuna musu cewa sun riga sun san Turanci fiye da yadda suke zato, na ce ku kawo min kalmomin da muka ara, suka yi ta jerowa, tebur, bokiti, kofi, fensir, mota, direba, burodi, asibiti, muka cika allo, ina rubuta asalin kowace a gefenta. Ranar har wanda bai taɓa ɗaga hannu ba sai da ya ɗaga.

Sai matsalar p da f, wadda duk Bahaushe ya san ta, don mu a bakinmu sauti ɗaya ne, fan da pan duk ɗaya muke jin su. Na yayyaga takarda ƙanana na ba kowa ya riƙe a gaban leɓensa, na ce in ka faɗi pan daidai leɓe zai haɗu iska ta fashe takardar ta yi tsalle, in fan ne haƙoran sama za su hau leɓen ƙasa iska ta zirara a hankali. Ka ga samari masu gemu riƙe da ƴar takarda suna pa pa pa suna dariya. Haka ma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, street ya koma sitirit, school ya koma sukul, saboda Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere. Ban taɓa ce musu bakinsu ne ya lalace ba, ina ce musu ƙa'idar yarenku ce ke bin ku, kuma ƙa'ida ce mai kyau a gidanta.

Rukuni na biyu masu tsintar kalma, su jimla muke ginawa, gajeru, a kan abin da suka yi da safe, abin da suka ci, wa suka gani a hanya, kuma na bar su su fara faɗa da Hausa sannan mu juya tare. Na uku su ne suka fi ba ni wahala, masu karatu kamar ruwa amma babu fahimta, don su a ganinsu sun iya, kuma iyayensu ma haka suke gani. Da su dole bayan kowane layi 2 in tsayar in ce rufe littafin, faɗa min da Hausa me ya faru, wa ya yi, don me. Da farko haushi suke ji. Na huɗu kuwa, 11 ɗin nan, sai a lokacin na gane su ma na zalunce su, shekara guda suna zaune suna jiran in gama maimaita abin da suka sani. Su na fara ba su rubutun insha'i na kalma 450 irin wanda WAEC ke nema, da taƙaita labari, da muhawara, ina kawo musu tsofaffin jaridu daga wajen mai ƙosai. Wata yarinya a cikinsu ta rubuta min shafi 3 a kan rijiyar unguwarsu da ta ƙafe, na karanta sau biyu a tsaye.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Mutum ɗaya ne ni, rukuni 4, minti 40. In ina tare da ɗaya sauran ukun sai hayaniya, sai da na koyi naɗa shugaba a kowane rukuni da rubuta musu aiki a kwali tun daga gida, da kuɗina nake sayen kwalin da maka. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce ranka ya daɗe masu duba aiki in sun zo tsarin zango za su tambaya, ba su san Ƙofar Mata ba. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren. Muka daidaita a kan kwana 3 na rukuni, kwana 2 na manhaja, kuma ko a kwana biyun ina sassauta bayanin yadda kowa zai samu abin kamawa. Duk bayan sati 6 ina komawa gindin darbejiya in sake gwaji, wanda ya haye ya koma rukuni na gaba, wannan sake gwajin shi ne ran abin, in babu shi rukunin ƙasa ya zama kurkuku, yaro ya ɗauka an yanke masa hukunci ke nan.

Kuma na yi asara. Wani yaro daga rukunin farko ya daina zuwa a sati na 2, na bi shi har gareji inda yake koyon gyaran babur, ya gaishe ni da ladabi ya ce Malam ƙanina yana rukunin da ya fi nawa, ba zan iya ba. Na yi magana na yi magana bai dawo ba. Da na san da ƙanin tun farko da na raba musu lokaci, ko in yi masa irin abin da dattijon nan ya yi min a ɓoye. Har yanzu in na wuce garejin muna gaisawa, kuma har yanzu abin yana ci na.

Daga baya na buɗe lesin a zauren gidanmu, yamma ta yara dare na manya, a nan na ƙara gane cewa mataki ba karatu kaɗai ba ne. Wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ya zo, ya girme ni da kusan shekara 20, yana jin Turancin ciniki sosai har da ƴan Chana yake magana a waya, amma saƙon WhatsApp in ya zo sai ya nemi yaron shago ya karanta masa, sirrin kasuwancinsa duk a hannun yaro. Shi bakinsa yana sama idonsa yana ƙasa. A daren kuma akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke shirin IELTS, wato jarrabawar Turanci ta masu son fita waje karatu ko aiki, ita rubutu da karatu ba laifi amma in Bature ya yi magana da sauri a rikodin sai ta ɓace. Turawa suna da ma'auninsu na matakai 6 daga A1 zuwa C2 wanda Majalisar Turai ta fitar a 2001, ina duba shi yana taimaka min musamman ga irin masu IELTS, amma mutum ɗaya zai iya zama a mataki daban a ji, daban a magana, daban a karatu, daban a rubutu, dole ka gwada huɗun. Alhaji da saƙonnin wayarsa muka yi karatu, kalmomin da yake faɗa kullum, yadi, kwantena, balas, ya ga yadda suke a rubuce. Ranar da ya karanta saƙo da kansa ya kuma mayar da amsa, ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce Malam yau na zama mai sirri. Na ce Alhaji Allah ya ƙara rufa asiri.

Alaramma kuwa wata 4 ya yi ya bar rukunin farko, kuma da ya kama hanya gudunsa ya ba ni tsoro, don mutumin da ya saba tilawa da asuba ba a koya masa naci. Yana SS2 ya zo min da kwalin maganin kakarsa ya ce ya karanta da kansa ya ga sau 2 aka ce a sha a rana, su kuma sau 3 suke ba ta, ya je ya tambayi mai kemis aka ce shi ke da gaskiya. WAEC ɗinsa ta farko D7 ya samu a Turanci, ya zo yana ba ni haƙuri kamar ya yi min laifi, na ce kai da ka fara daga harafi shekara 3 da suka wuce? Ya sake zama ya rubuta NECO ya samu C6. Yanzu yana karatun NCE, kuma ran Asabar da Lahadi shi ke riƙe min rukunin farko a zaure, ya fi ni haƙuri da su nesa ba kusa ba, in sabon yaro ya zo yana sunkuyar da kai shi nake tura wa.

Uban da na fara ba ku labarinsa, jiya bayan magariba ya yi sallama a ƙofar gida shi kaɗai. Ya ce da suka koma ya ba yaron takardar kuɗin wuta ya ce karanta min, yaron ya kasa wuce layin farko, ya ce Malam ni ban yi boko ba, shekara 11 ina biyan kuɗin makaranta ina ganin littafi cike da rubutu, ban taɓa cewa ya karanta min ba. Idonsa ya kawo ruwa. Na ce Baba ba laifinka ba ne kuma ba a makara ba, ya turo shi ran Asabar ƙarfe 4, kada ya faɗa wa kowa a gida rukunin da yake. Na riga na gaya wa Alaramma, ya ce zai zo da wuri ya same shi kafin sauran yara su iso.